Alwalar Malam Maharazu

Duk unguwar nan ta gindin Dala babu wanda bai san alwalar Malam Maharazu ba. Baduku ne, yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, mutum mai tattali wanda ko guntun zare ba ya yarwa. Amma in ya tsuguna alwala sai ka rantse wanka zai yi. Butarsa ma ba irin ta mutane ba ce, wata ƙatuwa ce ta ƙarfe da ya sa maƙera suka yi masa. Kuma ba ya alwala a ko'ina sai a gindin ceɗiyar bakin titi, taku arba'in daga ƙofar gidansa.

Abokinsa Ilu, tela, ya fi shekara goma yana yi masa tsiya a kan haka. "Malam, ka rage mana na sha mana! Ko so kake ka wanke zunubin unguwa duka?"

Malam Maharazu sai dai ya yi murmushi ya ƙara tuttular da ruwa.

Ba almubazzaranci ba ne. Shekara goma sha biyar baya, lokacin da matarsa Zaituna take ciwon ajali, a daidai wurin nan suke tsayawa jiran motar zuwa asibiti. Filin fetal yake a lokacin, rana tana dukansu. Wata rana ta jingina da kafaɗarsa ta ce, "Malam, ina ma akwai 'yar inuwa a nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta kuma maimaita ba. Bayan kwana bakwai da rasuwarta ya je gidan iyayenta a Ƙofar Ruwa, ya saro reshen ceɗiya, ya kafa shi a wurin da sanyin safiya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya yi niyyar sadaka ce gare ta, ya kuma ƙudurta babu mahalukin da zai ji, don tun yana yaro aka koya masa sadakar ɓoye ta fi lada. To ta yaya mutum zai shayar da itace a bakin titi ba a gane ba? Nan dabarar alwala ta samo asali. Reshe ya kama, ya yi ganye, ya zama inuwar da Dije mai ƙosai take suya a ƙarƙashinta, masu jiran mota suke hutawa. In aka tambaye shi wa ya dasa, sai ya ce, "Allah ya saka wa mai shi."

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, unguwar ta sami sabon kansila, shi kuma ya ɗauki alkawarin gina lambatu don ruwan damina ya daina shiga gidaje. Kowa ya yi murna, har da Malam Maharazu, sai ranar Talatar da ya dawo daga kasuwa ya tarar an shafa wa ceɗiyar jan fenti a jiki.

Mai fentin yana nan bai tafi ba, wani malamin daji ne daga ƙaramar hukuma mai suna Nata'ala, da takardu a hammata.

"Ɗan nan, mene ne wannan?"

"Baba, doka ce. Duk itacen da yake bakin titi na hukuma ne. Wanda aka san mai dasa shi, ya zo da shaidu biyu, ya sa hannu zai ci gaba da kula da shi, sai mu shafa masa fari, lambatu ya kauce masa. Wanda ba a san mai shi ba, tsiron Allah muke rubutawa. Ranar Asabar za a sare."

"Wannan ce tsiron Allah?"

Nata'ala ya dafa itacen ya yi ɗan murmushi. "Baba, aikina ne. Na san ceɗiya reshenta ake kafawa, hannun mutum ne ya sa ta a nan. Amma na tambayi unguwa kaf, kowa ya ce bai sani ba. Takarda kuma suna take so."

Malam Maharazu ya juya ya shige gida. Amma shi mutum ne da in ya kafe, sai dai a gaji a bar shi. Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin mai unguwa, ya ce shi ya ji ya gani zai ɗauki nauyin kula da itacen. Mai unguwa ya ce dokar ba tasa ba ce, kuma ba mai kula kaɗai take nema ba, mai dasawa take nema ko magajinsa. Ya wuce gidan kansila, ya zauna a zaure tun hantsi har azahar. Kansila ya fito ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ai yanzu ba zamanin soja ba ne da mutum ɗaya zai ce a yi ko a bari. Ƙa'ida aka rubuta. Ka nemo mana mai itacen, ni da kaina zan sa a karkatar da lambatun."

Ran Alhamis ya ɗauki soso da sabulu ya dirje jan fentin tas. Ran Juma'a Nata'ala ya dawo ya sake shafawa, ya kuma roƙe shi don Allah kada ya ja wa kansa tara.

Kalma uku ce kawai za ta raba gardamar, kuma tana bakinsa. Amma shekara goma sha biyar yana riƙe da ita. Ita ce abu ɗaya da ya rage tsakaninsa da Zaituna wanda babu na uku a ciki sai Allah. Yana tsoron in ya furta, a shiga yaba masa, ladan ya zube. Ya yi ta juya abin a ransa bayan sallar Juma'a, yana kallon mata biyu da goyo suna jiran mota a inuwar. Sai ya tambayi kansa: shin don wa aka kafa itacen nan? In ya yi shiru ya tsira da sirrinsa, ita kuma sadakarta ta yanke. Ya ji kunyar kansa ƙwarai, ya gane kwana huɗu yana tattalin nasa ladan ne, ba nata ba.

Asabar da hantsi masu sara suka iso da zarto mai inji da igiyoyi. Mutanen unguwa suka fito suka yi cirko-cirko. Malam Maharazu ya ratso su da butarsa a hannu, ya tsaya ya jingina bayansa da jan fentin.

"Nata'ala, buɗe takardarka. Ni na dasa."

Nata'ala ya zaro biro, ya rubuta sunan, sannan ya ɗago a hankali. "Shaidu fa, Baba?"

Malam ya dubi takardar. Ya ɓoye abin da kyau har ya ɓoye wa kansa mafita. "Ba ni da su," in ji shi. "Babu wanda ya gani."

"Wa ya ce maka?"

Dije ce, ta ajiye matsamin ƙosai ta miƙe tana gyara mayafi. Tsohuwa ce da ba ta iya magana a hankali ba.

"Ina tankaɗe a soro na hango ka ranar da ka kafa shi, kana waige-waige kamar ɓarawon akuya. Malamin daji, rubuta Dije."

"Rubuta Ilu tela," in ji Ilu daga baya. "Yo Malam, wane mai hankali ne zai ƙarar da buta irin wannan a alwala ɗaya? Shekarar da ka kwanta wata guda da ciwon ƙafa, wa kake zaton ya riƙa alwala a nan? Layi muka riƙa yi."

Malam Maharazu ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "To da aka tambaye ku, don me kuka ce ba ku sani ba?"

"Sirrinka ne," in ji Dije. "Kai ba ka faɗa ba, mu ne za mu tona maka? Jiya ko ƙosan kirki ban soya ba, ina ta addu'a Allah ya buɗe bakin nan naka."

Nata'ala ya sa aka kashe injin. Ya ce saura layi ɗaya a cike, yadda ake kwatanta wurin, don masu haƙa lambatu su gane.

"Rubuta yadda mata suke faɗa," in ji Dije. "In za mu aiki wani bakin titi, cewa muke ya tsaya a ceɗiyar Zaituna. Tun tana kai ƙugu muke kiranta haka."

Malam Maharazu bai taɓa ji ba. Magana ce ta cikin gida, ba ta zuwa zauren maza. Shekara goma sha biyar yana zaton shi kaɗai yake tuna matar nan, ashe kullum sunanta yana yawo a bakin mutane. Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

Lokacin azahar bai yi ba tukuna, amma ya tsuguna a gindin itacen ya jawo buta. Ya wanke fuska sau uku, ya ƙara na huɗu, ya ƙara na biyar. Ilu yana tsaye a kansa, yau kam bai ce masa ya rage ruwa ba.