Teburin Mista Zurub

Da Baba ya tambaye ni, da ba mu sha wahalar da muka sha ranar Asabar ɗin nan ba. Amma Baba ba ya tambaya. Tun yana Mackay, kafin ya hawo jirgi, ya ɗauki waya ya buga wa wata mashaya a unguwar Richmond da ke nan Melbourne, ya kama mana tebur. Ni da na shekara ashirin a Melbourne ban isa a yi shawara da ni ba, tunda har yanzu a idonsa ni ce Marlene mai ɓatar da takalmin makaranta.

Aikin ido ne ya kawo shi. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu, likita ya sa ranar Litinin, zai zauna a wurina har ya warware. Sai aka yi kiciɓis: Asabar ɗin da ke gaban aikin ita ce ranar da Renita, 'yar yayana Raymond, za ta fara bugawa a babbar gasar zari-ruga ta mata. A benci za ta fara, ba wanda ya san lokacin da za a sako ta, wataƙila ma 'yan mintoci kawai za ta samu.

Sunan gidanmu Xuereb ake rubutawa, Shwereb ake faɗa, haka kakanninmu suka taho da shi daga Malta. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman rake, kuma a masana'antar sukari Zurub suke ce masa, a banki Eksureb, a asibiti sai ma'aikaciyar ta kalli takarda ta yi shiru har ya tashi da kansa. Bai taɓa gyara wa kowa ba. Sai ya yi murmushi ya amsa, ya dawo gida ya huce a kanmu. To yanzu za a kira sunan a talabijin, ƙasa duka tana ji, kuma shi ya rantse sai ya ji da kunnensa.

Na ce mu zauna a gida mu kalla. Ya ce, "A wannan talabijin ɗin naki mai kama da faranti? Wasan farko na jikata zan kalla a kan kujera kamar majinyaci? Ƙaton allo nake so, da sauti, da mutane. Na riga na gama komai, ke dai ki sa takalmi."

Muna shiga mashayar gabana ya faɗi. Ko'ina maza da mata ne da ƙyallen wuya mai launin ƙungiya, allo a kowane bango, kuma kowane allo abu ɗaya yake nunawa: faffaɗan fili mai siffar ƙwai da dogayen sanduna huɗu a kowane gefe. Ga teburinmu a gaba-gaba, an ɗora kati an rubuta Mista Zurub. Baba ya zauna yana fara'a, ya ƙura wa allon ido, ya matsa kusa, fara'ar ta soma ja da baya.

Ya ce, "Marlene, me ya sa rigunan 'yan wasan ba su da hannu?"

Na ce, "Baba, me ka ce wa mutanen nan a waya?"

"Na ce za ku nuna futi ranar Asabar da rana? Suka ce ƙwarai. Na ce da sauti? Suka ce har sai kunnenka ya toshe."

Kai, na riƙe kaina. A Queensland, can arewa inda muka taso, idan ka ce futi zari-ruga kake nufi, ba wani abu. A Melbourne kuwa futi wasan filin ƙwai ne, kuma wannan watan Satumba ne, ana wasannin ƙarshe, garin gaba ɗaya ba ya cikin hayyacinsa. Jariri a garin nan ya san haka.

Baba ya ɗaga hannu ya kira mai sayar da giya, wani dogo mai gemu. Ya ce, "Ɗana, ni ne na bugo waya. Na ce maka futi."

Mai gemu ya buɗe hannuwa ya ce, "Ga futi kuwa, Baba, gaba da baya."

"Wannan? Ƙarti suna bin ƙwallo kamar an watsa wa kaji hatsi? Futi nake nufi, na gaske."

"Au, zari-ruga!" Mai gemu ya kwashe da dariya. "Daga Queensland kake, ko? Allah sarki. Baba, yau idan na taɓa tasha ko a allo ɗaya, gawata za a fitar ta ƙofar baya."

Na ce jikarsa ce za ta buga. Ya ce barka, ya ce abin alfahari ne, ya ce mu gwada gaba. Mutanen garin nan sun iya korar mutum cikin ladabi.

Muka fito titi ana yayyafi. Na zaro waya na nemi inda ake kallon wasa, sai ga shafuka birjik, kowanne yana rantsuwa shi ya san mashayu mafi kyau a Melbourne. Duk wanda ya rubuta su, Allah ya haɗa ni da shi. Sun faɗi girman allo, sun faɗi yadda ake soya dankali, wani har da yabon kujeru, amma ba wanda ya faɗi wasan da za a saka. Na zaɓi wadda aka ce tana nuna kowane irin wasa a duniya, muka tari tiram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari. Muna zaune saƙon Raymond ya shigo daga filin wasa a Sydney: an fara, tana benci.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ba ta shiga ba."

"To ki ce wa direban nan ya taka."

"Baba, a kan dogo yake tafiya, ba ya wuce na gabansa."

"Wane irin gari ne wannan," in ji shi, da ƙarfi, kowa yana ji.

Mashayar da ke nuna kowane irin wasa a duniya ta zama shagon aski na karnuka. Muka tsaya a bakin gilashi wani farin kare yana kallonmu ana busar masa da gashi. Ta gaba da ita cike take maƙil, mai gadi ya ce ko tsayuwa babu. Wata kuma a kwanar titi ta ce e, suna da allon da ba na futi ba, aka raka mu har lungu, kusa da ƙofar banɗaki. Allon bai fi tiren shayi ba, an maƙala shi can sama, yana nuna tseren dawaki. Yarinyar da ta raka mu ta ce za ta iya canza mana, amma sauti ɗaya ne a gidan, kuma na babban allo ne.

Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ina allon?"

Na nuna masa. Ya ce, "Na zaci akwatin wuta ne." Ya juya ya kama hanya, ko sallama babu.

Ga shi ba ya sauri. Gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, amma bai yarda na riƙe masa hannu ba, wai shi ba makaho ba ne. A tsakiyar wannan tashin hankali ya tsaya a bakin wani gida yana shafa ganyen bishiyar lemo, yana ce mini ba a ba ta taki. Na ce, "Baba, don girman Allah!" Raymond ya sake turowa: an tafi hutun rabin lokaci, har yanzu tana benci. Takalmina ya jiƙe, raina ya ɓaci, amma a ƙasan ɓacin ran tsoro nake ji. Na san idan aka kira sunan nan muna kan titi, Baba ba zai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

A Abbotsford muka faɗa wata tsohuwar mashaya da ba ta cikin kowane shafi, don ruwa ya tsananta ne kawai. Allo ɗaya gare ta, amma ƙato, ya cinye rabin bango. Tsofaffi ne jere a gabansa da ƙyallayen wuyansu, kowa ya ɗaure fuska. Mai gidan wata dattijuwa ce, Glenys, gajera, da tabarau a rataye a ƙirji. Na yi mata bayani cikin haki, wannan karon ban ko kusanci kalmar futi ba. Ta dube ni, ta dubi Baba yana ɗigar ruwa.

Ta ce, "Yanzu jiniya za ta tashi a tafi dogon hutu a wasanmu. Ba mai sauraren surutun masu sharhi, fitsari suke tafiya. Zan ba ku allon da sauti har a dawo. Ana dawowa zan mayar, ko uwata ce a filin naku."

Na ce mun gode, na kusa rungume ta. Jiniya ta tashi, Glenys ta danna, sai ga filinmu mai kusurwa huɗu, an dawo zagaye na biyu. Wani tsoho da ke kusa da Baba, wanda suke kira Clarrie, ya ajiye kofinsa ya ce, "Glenys, me ya sami talabijin?"

"Baƙi gare mu. Yi shiru ka sha giyarka."

Clarrie ya kalla na ɗan lokaci, ya juyo wurin Baba ya ce, "Malam, naku ne wannan? Me ya sa suke jefa ƙwallon baya? Ba gaba za su ba?"

Baba ya ce, "Ku da ake ba ku maki idan kun ɓarar, kai ne za ka yi magana?"

"Iye! Wannan ai dambe ne aka ba su ƙwallo su riƙe."

"Da kai ne a ciki, da tuni an kwashe ka a buhu."

Suna ta yi, ni kuwa idona yana kan agogon bango. Tsofaffin da suka fita sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna zama, suna kallon Glenys. Ita kuma ta ɗauko abin canza tasha ta riƙe a hannu. Renita ba ta shiga ba. Na ji kamar in shiga allon in shaƙe mai horar da su, wani mai sanƙo da yake ta tauna cingam kamar ba abin da ya dame shi.

Sai aka nuno gefen fili. Ga ta tsaye, an yi mata kitso biyu, tana tsalle-tsalle a wuri ɗaya, tana gyara robar haƙori. Na ce, "Baba, ga ta!" Muryar mai sharhi ta cika ɗakin: "Ga kuma sabuwar shiga, karonta na farko, daga Mackay, Renita Shwereb."

Shwereb. Daidai, ba gyara, kamar a bakin kakata. Daga baya Raymond ya ce mini tun da safe Renita ta tare masu sharhin, ta sa suka yi ta maimaitawa har ya zauna. A lokacin ban sani ba, kawai na ji hawaye ya zo mini. Na juya, sai na ga Baba ya damƙe hannun Clarrie.

Ya ce, "Ka ji? Jikata ce. Sunana ne."

Clarrie ya ce, "Kai haba! Yaya aka ce? Shuwarab?"

Na jira murmushin nan da na sani tun ina yarinya. Bai zo ba. Baba ya ce, "A'a. Shwereb. Sake faɗa."

"Shwereb."

"Yauwa."

Clarrie ya miƙe ya ce wa sauran, "Kai jama'a, mai kitson nan jikar Shwereb ce!" Daidai lokacin wata ƙatuwa ta taho da ƙwallo, Renita ta tare ta ta kai ta ƙasa, tsofaffin da ba su san komai a wasan ba suka ɗauki ihu. Mai sharhi ya sake kiran sunan. Glenys ta danna, filin ƙwai ya dawo.

Na ce, "Haba Glenys! Yanzu fa ta shiga!"

Ta ce, "Na faɗa miki, 'yar nan." Ba wanda ya goyi bayana, har Clarrie, tuni ya koma zagin alƙalin wasansu. Na zaro waya zan nemo wa Baba sauran, ya ture hannuna, ya ce Glenys ta kawo masa kaza da dankali, kuma ta ƙara wa Clarrie kofi. Sai a lokacin abin da na gani ya dawo mini, takaici ya turnuƙe ni.

Na ce, "Baba, idonka a rufe yake. Na gan ka. Tun da aka nuno ta har aka canza ba ka buɗe ba. Ka sa na zaga rabin gari cikin ruwa neman ƙaton allo, alhali ji kawai za ka yi. Ai da a gida ma ka ji!"

Ya goge fuskarsa da bayan hannu, ya jawo farantinsa. Ya ce, "A gida wa zan gaya wa? Ke ai kin iya faɗin sunan."