Awon Ranar Sallama

Sau biyu Tela tana ɗaga ranar miƙa ɗanta a majami'a. A na uku surukarta ta ce ko a tsumma ne sai an kai yaron ranar Lahadi, ta kira Fasto da kanta ta shaida masa, magana ta ƙare.

Tela ne sunan da kowa ke kiranta da shi, har mijinta, domin ɗinki ne sana'arta, kuma falon gidan ne shagon: keke a gindin taga, teburin yanka a jikin bango, ƙyallaye har ƙarƙashin kujera. Yaron kuwa bakwaini ne. Yana faɗowa aka wuce da shi kwalba, ya daɗe a ciki tana leƙensa ta gilashi. A kwanakin farko wani likita, irin masu faɗin gaskiya ba gishiri, ya ce mata kada ta sa rai sosai. Daga baya asibiti ya sallame su, amma maganar nan ta biyo ta har gida ta zauna daram.

Ranar da suka dawo, ta yagi siririn ƙyalle ta zagaya ƙirjin yaron, ta ƙulla daidai inda ya tsaya, ta jefa a jaka. Tun daga nan ba ta sake auna shi ba. Macen da take auna mutum da ido tun yana bakin ƙofa, sai ga shi ta kasa kai tef jikin ɗanta. Tsoro take ji kada ta tarar yana nan inda yake, ko ma ya ragu. Ranar awo a asibiti, in nas ta ɗora shi a sikeli, kau da kai take yi. In an ce mata yana ƙaruwa, sai ta ce a ranta ai kowa haka suke gaya wa.

Gida ya ɗau harama. Mijinta, mai gyaran wuta, waya ba ta barin kunnensa: yau mai hayar kujeru, gobe mai lemo, jibi ƙanensa da zai kawo mota. Surukar, wadda suke kira Mama, ta tare a gidan tun haihuwa, ta kuma ƙwace jikan ta mai da shi mijinta.

"Ango dai ba shi da riga har yanzu," in ji Mama, tana jijjiga shi a kafaɗa. "Uwarsa tela, shi kuma kullum a naɗe cikin tawul. Wa zai yarda?"

"Zan sayo masa, Mama."

"Ki sayo? Keken naki ya mutu ne?"

Keke lafiyarsa ƙalau. Hannunta ne ba ya so. Ta bar yaron wajen Mama ta fita, ta bi layin masu kayan jarirai shago bayan shago. A kowanne sai ta sa a sauko mata da farar riga mafi ƙanƙanta, ta ciro ƙyallenta ta ɗora a kan ƙirjin rigar, ta girgiza kai. Duk sun yi yawa. Tana tsaye a nan, hankalinta yana gida: ya farka? ya yi tari? Mama ta rufe taga? Nono ya cika ya fara tsatsafowa, ta ja gyale ta rufe gabanta.

A shagon ƙarshe, matar da ke sayarwa ta dubi ƙullin ƙyallen ta yi dariya, ba da mugunta ba.

"Yar'uwa, mutum za ki sa wa ko 'yar tsana? Ɗauki wannan kawai. Yara ai girma suke yi."

Tela ta ajiye rigar ta fita. Abin haushin shi ne maganarta ce aka mayar mata. Shekara da shekaru haka take gaya wa iyayen yara. Ba ta taɓa ɗinka wa yaro riga cif-cif ba, sai ta bar sarari a cikin ɗinkin, ta yi kalmasa mai faɗi, yadda in ya girma za a farke a saki. Uwar da ta yi ƙorafin riga ta yi yawa, sai ta sha wa'azi kafin ta karɓi kayanta.

Ta biya ta sayi farin yadi mai laushi, ta koma gida kusan da gudu. Yaron barcinsa yake yi. Ta tsaya a kansa sai da ta ga cikinsa ya ɗaga ya sauka, sannan ta cire takalmi.

Washegari ta shimfiɗa yadin a tebur, ta ɗora ƙyallen, ta ja alli. Ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta leƙa ɗaki, ta dawo, ta goge layin ta sake ja a inda yake ɗazu. Mama na zaune tana kallonta.

"Ba za ki bar masa wuri ba?"

"Ya isa haka."

"Ke da bakinki kike cewa..."

"Mama, ba na so ya nutse a ciki. Mata su taru a kansa suna ayya, ayya, wannan ta taɓa, waccan ta kau da kai. Ba zan iya ba."

Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Ɗaya rabin ba ya faɗuwa: barin sarari a riga sa rai ne da watannin da ke gaba, ita kuwa an ce mata kada ta sa. Gani take in ta bar ko faɗin yatsa ɗaya, ta yi wa Allah shisshigi. Ta yanka daidai kan layi.

Rigar ta yi kyau, wannan kam babu gardama. Ƙananan maɓallai a baya, siririn leshi a wuya, ɗinkin ciki a kwance yadda ba zai soki fata ba. Mijinta ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce shi a nawa za a yi masa irinta. Mama ta ce a gwada wa Ango. Tela ta ce barci yake. Da ya tashi, ta ce yanzu ya sha nono, zai yi tumbuɗi a kai. Ta goge rigar ta ninke ta sa a saman durowa, kuma duk wucewar da za ta yi sai ta kalle ta.

Safiyar Lahadi kowa a tsaye yake. Ƙanen miji ya iso da mota yana ta danna oda, mijin yana neman ɗaya ƙafar safarsa, Mama ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa. Tela ta yi wa yaron wanka, ta shafa masa mai, ta kwantar da shi a gado ta warware rigar.

Hannun farko ya shiga da ƙyar. Na biyu sai da ta lanƙwasa gwiwar, yaron ya tsandara kuka. Ta kifa shi a cinyarta don ta ɓalla maɓallan, ta ja wannan gefe, ta ja wancan, suka ƙi haɗuwa. Tsakaninsu ya kai faɗin yatsu biyu, bayan yaron yana leƙowa.

Ranta ya ɓaci. Ita ce za ta ɓata yanka, yau, a kan rigar ɗanta? Ko yadin ne ya tsuke da ta jiƙa shi? Ta zare rigar, ta zazzage jakarta a kan gado, ta ciro ƙyallen ta ɗora a ƙirjin rigar. Daidai yake, ko zare ɗaya bai kuskure ba.

Ta daɗe riƙe da ƙyallen. Sannan ta zura shi ƙarƙashin bayan yaron ta zagayo da shi. Ƙullin ya tsaya can wajen hammata, ya ƙi ƙarasowa. Ta sassauta ta sake gwadawa, ko ta karkace ne. Nan dai ya sake tsayawa.

Mama, da ta shigo ta ga abin da ya hana su fitowa, ta dubi ƙyallen ta dubi jikan.

"Au, Ango tumbi ka ajiye ba ka gaya wa kowa ba?"

Tela ta buɗe baki za ta yi dariya, sai kuka ya riga fitowa. Ta kifa fuskarta a cikin yaron tana yi, kukan da ba ta yi a asibiti ba, shi kuma yana ta harba mata ƙafa a haɓa. Daɗi take ji, daɗi mai ciwo, da kunyar kanta: kullum yana hannunta, kowa ya gani, ita kaɗai ce ba ta gani ba.

Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ya ga riga a yashe, ya ga matarsa tana kuka, ya ɗauka irin na da ne.

"Tela, in ba ki shirya ba, ba dole. Bari in kira Fasto a ƙara mana sati."

Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙa hannu ta ɗauko almakashi daga kan durowa. Ta farke ɗinkin hammata biyu, ta mayar wa yaron rigar, ta bar bayan a buɗe ba ta ko taɓa maɓallan ba.

"Kada ka kira kowa," ta ce, tana saɓa shi a kafaɗa. "In muka ƙara sati, ko kansa ba zai shiga ba."