Fayil Talatin na Don Heber

Nélida ta banko ƙofar ofis tana haki, saura ƙiris ta kifar da kofin shayin ganyen mate na Don Heber.

"Huɗu, Don Heber! Huɗu kacal cikin ɗari!"

"Yarinya, zauna kafin ki faɗi," in ji dattijon, magatakardan ofishin.

Ina zama! Shekara shida ke nan tana koyar da ajin gyaran hali ga fursunonin fyaɗe a wani gidan yari da ke bayan birnin Montevideo, kuma yau ƙarfe uku shugaban gidan yarin zai yanke hukunci: a ci gaba ko a rufe ajin. Ga shi bincike ya fito. Waɗanda suka shiga ajin, huɗu cikin ɗari ne suka maimaita laifin bayan sallama. Sauran kuwa, goma sha bakwai. Murna ta cika ta.

"Ai dole," Don Heber ya ce yana hura hanci. "Marasa kunyar nan talatin da suka gudu daga ajinki, na zuba fayilolinsu cikin waɗanda ba su shiga ba. Wanda bai kammala ba, ɗalibinki ne?"

Nélida ta daina murmushi. Masu taurin kan nan ai su ne ainihin gwajin, cire su yaudarar kai ce.

"Haba, Don Heber, ka kashe ni!"

"Daga ni sai ke muka sani, 'yata. Ki hau wajen shugaba da huɗunki."

Ta kalli takardar, tana sonta kamar me. Sai ta cire takalma ta durƙusa gaban akwatunan fayiloli, ta fara mayar da talatin ɗin cikin ɗalibanta. Tsohon ya yi gunaguni, shi ma ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Uku saura minti goma sabon lissafi ya fito: tara a ɓangarenta, goma sha huɗu a ɗayan. Nélida ta yi tsalle ta sumbaci sanƙonsa.

"Har da su, ajin yana aiki!"

Ta haura bene da gudu. Shugaba ya karanta, ya taɓe baki.

"Bambancin biyar kawai, Malama Nélida? Na ji ana ta ihun huɗu a ƙasa."

"Huɗun ƙarya ce, ranka ya daɗe. Biyar ɗin nan kuwa mata ne da suka tsira daga fyaɗe, suna can suna jiran bas, ba su ma san da mu ba."

Shugaban ya sake duba takardar. Sannan ya shiga laluben alƙalami a aljihu don ya sa hannu a ci gaba da ajin.