Ƙafar Eulalia

A unguwar Monserrat kowa ya san cewa matar tagullar nan da ke tsaye can ƙololuwar benen tsohon kamfanin inshora, rungume da damin alkama, mahaifiyar Doña Amparo Bustelo ce. Amparo da kanta ta tabbatar kowa ya sani. Uwarta Eulalia, tun tana budurwa mai ɗinki, ita ta tsaya wa wani maƙeri ɗan Italiya ya ƙera siffar.

Kullum kan hanyar gidan burodi Amparo takan ja ta tsaya, ta ɗaga kai har wuyanta ya yi ƙara. Daga ƙasa matar kyakkyawa ce, fuska a sake, kamar wadda ba ta taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Ƙanin Amparo, Nicanor, wanda ya fi kowa shan tsintsiyar Eulalia, yakan ce shi dai bai ga kama ba, amma wataƙila nisa ne.

Shekarar da aka sayar da benen, sababbin masu shi suka ce a sauko da matar a wanke ta. Ranar wata Lahadi da hantsi aka rufe titi, aka kawo injin ɗaga kaya. Amparo ta sa rigar zuwa coci, ta raba Nicanor da ƙoƙon shayinsa na mate, ta tasa shi gaba.

Aka kwantar da Eulalia kan katako a tsakiyar titi. Kanta ya kai ganga girma. Idanun ramuka ne biyu zurum-zurum, hancin kamar bulo, bakin tsaga ce kawai, ga kashin tantabaru ya yi mata hula. Shugabar masu gyaran, wata mai suna Griselda, ta ga yadda tsohuwar ta ƙame, sai ta matso ta yi mata bayani cewa duk abin da aka ƙera don bisa haka yake, ana zurfafa ido ne don inuwa ta zauna ciki a hango shi daga titi.

Nicanor ya zagaya kan, hannu a baya, ya ce, "Yaya, na janye maganata. Ita ce. Haka take in an fasa kofi."

Amparo ta bar fuskar ta koma wajen ƙafafu, don can ne babu jama'a. Katangar rufin bene ta ɓoye su tun ranar da aka ɗora matar, ba wanda ya taɓa ganinsu daga ƙasa. Amma a nan maƙerin ya zube basirarsa duka. Ga jijiyoyi, ga farce, ga yatsa na biyu a ƙafar hagu ya hau kan babban, ga tabon da keken ɗinki ya bari a idon sawu. Ƙafar da Amparo ta yi ta shafa wa man zafi ce a watannin ƙarshe na rayuwar uwarta. Ta ɗora tafinta a kai. Rana ta ɗumama tagullar. Ta daɗe a haka.

Nicanor ya iso, ya sunkuya, ya duba da kyau.

"Mutumin nan ya daɗe yana kallon ƙafar nan," in ji shi. "Baba ya sani kuwa?"

"Rufe min baki. Lokacin ko labarinka babu."

Kafin su tafi Amparo ta kira Griselda gefe, ta ce su kankare fuskar yadda suka ga dama, amma su bi tafin ƙafar a hankali, Mama ba ta jure cakulkuli. Griselda ta gyaɗa kai, ta ce za ta faɗa wa ma'aikata.

Suka shiga wani gidan abinci a kusurwa, Amparo ta ci taliyarta tas. Nicanor bai ci da yawa ba. Ya yi ta tambayar ko ɗan Italiyan nan dogo ne, don shi Nicanor kaɗai ne dogo a gidansu.