Gayyar da Ta Cinye Ƙugun Mika'ilu

Ni na fara gani, kafin likita, kafin uwarsa. A sahun la'asar ne a masallacinmu na Zurgu. Mika'ilu, ɗan ƙanena, ya zo zaman tahiya ya kasa lanƙwasa ƙafar hagu, ya miƙe ta gefe yana cije leɓe. Ban yi boko ba, amma ciwon nan na san shi. Shekara talatin ke nan da ya cinye mini ƙugu, mai ɗori ya ja ƙafar har na suma, kuma ga ni, ban mutu ba.

Na tare shi a bakin ƙofa. "Kai, tun yaushe?"

"Sanyi ne kawai, Baffa."

"Sanyin gidanku! Gobe sai Kano."

Aka ɗauki hoto. Likita ya ce jini ya daina isa kan ƙashin cinya, inda yake juyawa cikin ƙugu, amma bai rufta ba tukuna. Ya ce mun zo da wuri, ga ƙuruciya, kuma ba shi da sikila, saboda haka akwai fata. Za a huda ƙashin bayan wata guda. Kafin nan ya riƙe sanduna biyu, kada ya ɗauki ko tulu, ya kuma bar haɗin ƙwayoyin kemis da yake sha don ƙarfin aiki, domin akwai mai kashe ƙashi a ciki. Duk abin da na faɗa a mota ne, shi dai ya ƙara da Turanci.

Kwana goma sha biyu ya yi da sanduna. Sai surukinsa na Kahu ya kira gayyar cirar gyaɗa.

Na ce, "Aika ƙannenka."

"Baffa, mijin 'ya ya zauna a inuwa, makaɗi yana kiran sunansa? Da wane ido zan kalli Barira?"

Barirar, matar tasa, da kanta ta ɓoye masa fartanya a rumbu. Ya ari ta maƙwabci. Ya jingine sandunan a zaure, ya haɗiye ƙwaya huɗu, ya hau babur. An ce ya yi aikin mutum uku, har da dakon buhu zuwa amalanke, ana yi masa guɗa. Da yamma a amalanken aka dawo da shi.

Likita ya daɗe yana kallon hoto na biyu. Ya ce kan ƙashin ya lotsa, huji ba zai yi ba kuma, sai dai a sa na ƙarfe, in an samu hali. Shekarar Mika'ilu ashirin da tara.

Yanzu 'yan majalisa suna cewa wai ina ƙara gishiri, ciwon baya ne zai warke. To, wanda ya isa ya je gidan ya yi sallama, ya tsaya ya ga ko Mika'ilu zai iya miƙewa ya tarbe shi.