Kiyashi Bai Zo Ba

Malam Haladu na tsaye a bakin gadon asibiti, yana kallon ruwan da ake ƙara wa ɗansa Shu'ibu ta jijiya. Leɓɓan Shu'ibu duk sun tsattsage.

"Baba, kwana nawa ke nan ba ya shan ruwa da rana?" in ji Sista Lami, mai jinyar ɗakin.

"Uku," ya ce, bai ɗago ba. "Ai azumi ake."

Da damina ne kwale-kwale ya kife da Shu'ibu wajen Kirikasamma. Aka tsamo shi zuciya ta tsaya, sai da wani malamin asibiti ya yi ta danna masa ƙirji sannan ta dawo. Ya tashi dai, amma harshe ya yi nauyi, ga wata ƙishirwa mara ƙarewa: ya shanye tulu, ya zaga, ya dawo neman wani.

Da azumi ya kama, Malam Haladu ya yi gwajin da kowa ya sani. Ya sa shi fitsari a gindin katanga, ya tsuguna yana jira. Ko kiyashi ɗaya bai zo ba. To, ba ciwon sukari ba ne ke nan, raki ne. A gaban Jumai, matar Shu'ibu, ya ce ba a gidansa ƙato mai 'ya'ya biyu zai sha azumi ba. Ya sa aka kai randa ɗakinsa, ya datse da kwaɗo.

"Ai na gwada," ya ce wa Sista Lami a hankali. "Kiyashi bai..."

"Kiyashi zaƙi yake bi, Baba. Wannan ba na sukari ba ne. Da zuciya ta tsaya, wurin da ke sa jiki ya riƙe ruwa a ƙwaƙwalwa ya taɓu. Ya sha ko bai sha ba, fitsarin ba ya tsayawa. Da kun ƙara yini guda, da gawa kuka kawo mana."

Jumai na zaune a ƙasa, ba ta dube shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Shu'ibu ya buɗe ido. "Baba... an kira magariba?"

Ko azahar ba a yi ba. Masu jinya na gadajen kusa duk sun juyo.

"Ba a kira ba," in ji Malam Haladu. Ya cika kofi, ya tallafo kan ɗansa. "Sha."

Shu'ibu ya datse baki, yana kallonsa a tsorace.

"Sha, na ce. Ni zan amsa a gaban Allah."

Ya riƙe kofin har ya ƙare, fuskarsa na wajen bango. Sannan ya lalubo mabuɗin kwaɗon a aljihu, ya ajiye kusa da ƙafar Jumai.