Tokar Gashin Wutsiya

Wajen ƙarfe biyu na rana, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya taru a gabas ya ƙi motsi, sai na ji kwano ya daki bango a gidan Malami. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Kebbe. Kafin in ajiye igiyar da nake tufka, matarsa Goggo Batula ta kira sunana a hankali, irin kiran da ba a so 'yan waje su ji.

Na sami Malami zaune a ƙasa ya jingina da gado, gumi ya jiƙa rigarsa. Kwana uku ke nan yana zazzaɓi. Duk mun ɗauka na sauro ne, har ya shanye ƙwayoyin da aka sayo masa. Goggo ta ce tun safe yake kukan ƙishirwa, amma da ta kawo ruwa sai ya ture. Na ɗebo a moɗa na miƙa masa da kaina. Ya kai hannu, kuma na ga yana so. Ruwan na zuwa kusa da bakinsa sai maƙogwaro ya shaƙe, wuya ya sandare, ya kau da kai yana haki.

"Hita da shi, Gazali," ya ce. "Ko ganinai ban so."

Yana maganar yana susar wani tabo a gindin babban yatsansa. Na san tabon.

Malami mafarauci ne, kuma ba ya gajiya da tafiya. Da rani ya je har Abalak a Nijar, ya dawo da kwikwiyo irin na Azbinawa: ja, mai dogayen ƙafafu, ciki a shafe. Ya ce idan ya girma, zomo sai dai ya yi fuka-fuki. Karnukanmu na gida kuwa, a cewarsa, ba su iya komai ba sai gadin bola. Mako bakwai da suka wuce kwikwiyon ya canza. Ya daina ci, yana gatsar turmi, yawu na zuba. Malami ya je ɗaure shi, ya kama masa yatsa. Na shiga in riƙe, ni ma ya kafa mini haƙori a wuyan hannu.

Malami dariya ya yi. Ya yanki gashi a wutsiyar karen, ya ƙona a kan katanga, ya cusa tokar a ciwonsa da nawa, ya ɗaure da tsumma. Ya ce haka mahaifinsa ke yi wa mafarauta, kuma kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan kwana uku. Ban wanke ba. Da kwikwiyon ya mutu a rana ta huɗu, Malami ya ce canjin ƙasa ne bai karɓe shi ba.

Na'Allah mai babur ya ɗauko malamin asibiti kafin la'asar. Mutumin bai daɗe a ɗakin ba. Ya kaɗa takarda kusa da fuskar Malami, iskar kawai ta sa shi zabura kamar an zuba masa garwashi. Ya fito tsakar gida ya tambaya ko akwai kare, Goggo ta ba shi labari. Sai ya ce ciwon haukan kare ne, kuma idan ya kai ga ƙin ruwa ko Sakkwato aka kai mutum babu abin da za a yi, sai allurar da za ta kwantar da shi. Goggo ta zauna a bakin murhu, ba ta yi kuka ba.

"Akwai wanda karen ya ciza bayan shi?" in ji malamin asibitin.

Na ja hannun rigata ƙasa. Ban san dalili ba. Ina ganin kamar idan ban faɗa ba, abin ba zai san inda nake ba. Sai muryar Malami ta fito daga ɗaki, a dishe, kalma ɗaya-ɗaya.

"Gazali. Ya kama shi ga hannu. Ni nis sa mishi toka, ni nih hana shi wankewa. Ku kai shi, don Allah."

Da sassafe Na'Allah ya kai ni asibitin Tambuwal. Ma'aikaciyar ta duba ɗigo biyun da ke hannuna, ta ce da a ranar na wanke da sabulu na zo, da ba ta damu ba. Ta yi mini allura a dantse, ta rubuta ranakun da zan koma. Na tambaye ta ko zan rayu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce tunda babu alama, akwai sauran hanya, kada dai in tsallake ko rana ɗaya. A dawowa, duk garin da muka ratsa sai na sa Na'Allah ya tsaya na sayi ruwan leda. Ba ƙishirwa nake ji ba. So nake in ga ko zai wuce.

Malami ya kwana biyu bayan haka. Wani lokaci ya san mutane, wani lokaci sai an riƙe shi da bargo. Ta katanga nake jin numfashinsa, ina tufka, igiyar tana warwarewa a hannuna. Ranar Laraba da hantsi numfashin ya tsaya. Masu wanka suka sa safar hannu da malamin asibiti ya kawo, aka kai shi kafin azahar.

Kafin a dawo daga maƙabarta labarina ya gama gari. Mai shayi ya ware mini kofi. Yaran unguwa suka fara tsallaka titi idan sun hango ni. Babu wanda ya faɗa mini baƙar magana, sannu kawai ake yi mini daga nesa.

Da la'asar na shiga masallaci na tsaya a sahu na biyu. Wanda ke damana ya matsa, na haguna ya tuna bai gama alwala ba. Aka bar ni da fili ta kowane gefe, wanda mutum biyu za su shiga. Ina kallon tabarma, ina haɗiye yawu ina lura da maƙogwarona.

Tsoho Ladan ya gama iƙama. Maimakon ya tsaya bayan liman inda ya saba, sai ya ratso sahu da sandarsa, ya jingina ta da bango, ya zo ya tsaya a damana. Bai dube ni ba. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya kai ɗan yatsan ƙafarsa jikin nawa, liman ya yi kabbara.